Tsintsiyar Ƙarshen Zango: Fashin Baƙi Kan Zane da Aikin Hannu a Aji Huɗu Zuwa Shida

Duk wanda ya taɓa koyarwa a firamare ya san tarin tsintsiyoyin nan da ke cika lungun ofishin hedimasta a makon jarrabawa. Ni ma na tara su shekara da shekaru. Sai lokaci ya ƙure a leƙa aji a ce, "Gobe kowa ya zo da aikin hannunsa." Yara su koma gida su tasa iyaye a gaba, uwa ta kwance bakin zane ta miƙa kuɗi, a biya ta kasuwa a sayi tsintsiya ko mafici ko faifai. Ɗan gidan masu hali ya zo da sabulu. Mu kuma mu zauna da jan biro muna rabon maki, mai kaurin tsintsiya tara bisa goma, mai siririya shida. Malami ya san ba yaron ya yi ba, yaron ya san malam ya sani, a haka ake cike rajista a tafi hutu.

Wata shekara na ba wani yaro ɗan aji biyar sifiri domin ya zo hannu rabbana. Washegari bayan tashi na tarar da shi a gindin darbejiya yana jan wata motar kara, tirela ce guda, tayoyinta na tsohon silifas, ƙofar direba tana buɗewa tana rufewa, ga dogon sitiyari da yake murzawa yana tsaye tayoyin gaba su karkata. Na ce, "Kai, wa ya yi maka wannan?" Ya ce, "Ni na yi, Malam." Na ce, "To me ya hana ka kawo ta jiya?" Ya dube ni kamar na yi tambayar da ba ta da kai, ya ce, "Ai Malam wannan wasa ce. Aikin hannu kuka ce a kawo."

A takarda darasin yana nan da ransa. Tun da aka ƙaddamar da shirin UBE, wato shirin ilimin tushe ga kowane yaro, a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, ilimin tushe ya zama shekara tara, an kasa shi uku, aji huɗu zuwa shida su ne kason tsakiya. Hukumar NERDC mai tsara manhaja ta haɗe zane da aikin hannu da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo a darasi guda, wanda malamai da yara ke kira CCA. Niyyar ba ta da laifi. Amma a yawancin makarantun gwamnati malamin aji ɗaya ne zai ɗauki wannan kaya duka, ga shi bai taɓa riƙe yumɓu a kwalejin horon malamai ba, ga minti talatin da biyar ko arba'in, ga yara sun ninka talatin da biyar ɗin da manufar ilimi ta ƙasa ta ƙayyade wa malami ɗaya sau biyu ko uku. Abin da ya fi sauƙi shi ne ya juya ga allo ya rubuta ma'anar zane, ire-iren layi, launuka na asali guda uku, yara su kwafa, ranar jarrabawa su cike gurbi. Za ka sami yarinya ta haddace cewa shuɗi da ruwan ɗorawa suna ba da kore, amma ba ta taɓa ganin hakan ya faru a gabanta ba.

Abin da ya sa nake ganin asarar ta fi ciwo a waɗannan azuzuwa shi ne shekarun yaran. Wani malamin fasaha, Viktor Lowenfeld, haifaffen Ostiriya da ya yi hijira zuwa Amurka, ya fitar da bayani a 1947 kan matakan da zanen yaro ke bi. Ɗan shekara biyar zai zana da'ira da sanduna biyu ya ce maka babansa ne, ba kunya ba shakka. Tsakanin shekara tara zuwa goma sha biyu kuwa sai idon yaro ya wuce hannunsa. Ya fara ganin cewa akuyar da ya zana ba ta yi kama da akuyar gidansu ba, ya fara damuwa da abin da abokai za su ce. Lokacin ne kake jin "Malam, ni ban iya zane ba," ka ga yana rufe littafi da tafin hannu, ko yana goge takarda har ta huje. A kowane aji sai a sami mutum biyu ko uku da aka yi wa lamba cewa su ne masu baiwa, sauran su miƙa musu littattafansu a zana musu, a biya da gyaɗa ko rake. Da yawa daga cikinmu a nan muka ajiye fensir, shi ya sa babban mutum mai digiri idan aka ce ya zana gida sai ya yi irin zanen ɗan aji uku.

Lowenfeld ya tsani a sa yaro kwaikwayon zanen wani, kuma yana da hujjarsa. Amma ni a nan na ɗan raba hanya da masu cewa a miƙa wa yaro takarda kawai a ce ya zana abin da ransa ke so. Ga ɗan aji ɗaya wannan daidai ne. Ɗan aji biyar kuwa dabara yake nema. Yana so a nuna masa yadda ake yi, mataki bayan mataki, ya ga abin da ya fito daga hannunsa ya tsaya da gindinsa, ya yi amfani, babba ya ɗauka ya jujjuya ba tare da murmushin lallashi ba. Iyayenmu sun daɗe da gane haka ba tare da sun karanta kowa ba. A daidai waɗannan shekaru ɗan maƙeri ke tashi daga zuga zuwa riƙe awartaki, ɗan baduku ya fara yanka fata, yarinya ta gama faifanta na farko, yaro ya zauna a zaure da hula da allura yana bin zanen da aka fitar masa. Ba wanda ke tambayar su ko suna da baiwa. Ana nuna musu, su yi, a warware, su sake.

Makarantar boko ma ba da rubutu a allo kawai ta faro a Arewa ba. Wadda Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyon sana'o'in hannu. Kenneth Murray, da aka kawo Najeriya a 1927 domin koyar da fasaha, ya riƙa matsa wa ɗalibansa su dubi sana'o'in garuruwansu maimakon kwaikwayon hotunan Ingila. A 1958 kuma wasu ɗalibai a kwalejin Zariya wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya kan wannan magana dai, cewa a haɗa dabarar da aka koyo daga waje da gadon gida. Mu ne daga baya muka mayar da abin rubutu a allo.

In aka ce in zaɓi aiki ɗaya tak ga ɗan aji huɗu zuwa shida, yumɓu zan ɗauka. Ba a sayen sa a yawancin garuruwa, kuma ba ya ƙarya, in ka yi masa ha'inci zai tona maka asiri ranar gashi. Darasin yakan fara ne tun daga bakin kududdufi ko fadama. A ɗebo ƙasa iri biyu ko uku, a jiƙa, kowane yaro ya murza tasa kamar igiya mai kaurin yatsa ya naɗa ta a ɗan yatsansa. Wadda ta naɗu ba ta tsage ba ita ce yumɓu, wadda ta rugurguje yashi ya yi mata yawa. Sai a shanya, a daka, a tankaɗe tsakuwa da saiwoyi, a jiƙa ta kwana. Daga nan sai abin da maginan tukwane suka sani, littafin aji kuma bai faɗa ba: yumɓu zalla ba ya jure wuta. Dole a daka tsingaro, wato fasasshen tsohon kasko ko tulu, a cuɗa a ciki, domin shi ke rage tsukewa ya kuma buɗe wa danshi hanyar fita. Cuɗawar kanta aiki ce, a taka da ƙafa, a murƙushe da hannu har ko'ina ya zama ɗaya. Wannan duka mako biyu ne ba a gina komai ba tukuna, kuma yara ba sa gajiya da shi, malami ne ke ƙosawa.

Mako na uku a yi ginin. Hanya mafi sauƙi ita ce a dunƙula yumɓu kamar ƙwallon fura, a danna babban yatsa a tsakiya, a riƙa matsa gefe ana juyawa har ya zama ɗan kasko. 'Yan aji shida za su iya hawa mataki na gaba, a murza igiyoyin yumɓu a ɗora ɗaya kan ɗaya ana shafe mahaɗa ciki da waje, ko a kifa tsohuwar tukunya a lulluɓe gindinta da yumɓu a fitar da ƙasan sabuwa, kamar yadda magina ke yi a wurare da dama. Ƙa'ida ɗaya ce za ka yi ta nanatawa har muryarka ta dushe, kaurin ya zama ɗaya ko'ina, kada ya wuce na ɗan yatsa. Ado kuma sai ya ɗan sha iska, a mirgina totuwar masara ko murɗaɗɗen zare a jikinsa ya bar sawu, a goge da dutse mai santsi ya yi sheƙi. Akwai wata 'yar dabara da nake so ƙwarai. Kowane rukuni ya fyaɗa yumɓu kamar waina, ya ja layi na santimita goma da rula, a ajiye. Bayan ya bushe a sake aunawa, za a tarar layin ya ragu. Yaran da ke gudun lissafin kaso cikin ɗari sai ga su suna rigima kan ko yumɓun rukuninsu ya fi na wancan tsukewa.

A inuwa ake shanya, a rufe da leda ko tsumma kwanakin farko. Na taɓa asarar aikin aji guda domin na jera shi a baranda cikin hunturu, kafin azahar iska ta busar da baki ta bar gindi da danshi, kusan duka suka dare. Gashi kuwa ba aikin yara ba ne, ba kuma aikin malamin da bai taɓa yi ba. A kai wa masu sana'ar su haɗa da nasu, yara su tsaya nesa su kalla. Abin da ya kamata su fahimta shi ne dalili. Ruwan da ya saura a cikin yumɓu in ya ji wuta tururi yake zama, in bai sami mafita ba sai ya fasa tukunyar. In kuwa zafi ya haura digiri 600, ƙasar ta sauya ke nan har abada, ko ta shekara a ruwa ba za ta koma taɓo ba. Shi ya sa gasassun kayan yumɓu na Nok, da ke kudancin jihar Kaduna, suka haura shekara dubu biyu a binne aka tono su da kamanninsu.

Nan ne kuma za ka ci karo da raini. Akwai iyayen da za su ce ba su kai ɗansu boko domin ya koyi ginin tukwane ba, wasu kuma su ce aikin mata ne. Amsata takardar naira ashirin ce. Ka juya bayanta ka nuna wa yaro matar nan da ta sunkuya kan tulu. Ladi Kwali ce, 'yar ƙasar Gwari, a gida ta koyi gini tun tana yarinya. A 1954 ta shiga cibiyar koyon tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wurin. Ta je Ingila da Amurka tana gini a gaban jama'a, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Ba ta yi boko ba. Yara sun sha kashe takardar a wurin mai awara ba su san ko wace ce ba.

Bayan yumɓu sai launi, inda ake yawan fakewa da tsadar fenti. Fentin ruwa na kanti abu biyu ne a cikinsa, garin launi da ƙaro. Ƙaron nan dai da alaramma ke sawa a tawada, wanda ake tsinta a jikin itatuwan ƙaya a Yobe da Borno da Jigawa ana fitar da shi ƙasashen waje. Yaron da ke zuwa makarantar allo da yamma ya riga malamin boko sanin yadda ake haɗa baƙi daga gawayi da ƙaro, da yadda ake fiƙe alƙalamin gamba. A ba shi alli ya koya wa aji. Sai a ƙara da jar ƙasa da farar ƙasa, a daka su lukui, a tace da tsumma, a dama da ruwan ƙaro. Bagaruwar da majema ke jima da ita, in aka jiƙa aka zuba mata tsatsattsun ƙusoshi ta kwana biyu, baƙar tawada take bayarwa mai kama takarda. Burushi kuwa a tauna bakin asuwaki ko a ɗaure gashin jelar akuya a tsinke.

Ranar da ta fi kowace daɗi ita ce ranar zoɓo. A dafa shi da kauri, a zuba a marufan kwalba uku. Na farko a bar shi, na biyu a matsa masa lemun tsami, na uku a ɗiga ruwan kanwa. Na lemu ja ne garau, na kanwa sai ya rine ya koma duhu mai ratsin kore a gaban idonsu. Kurkum mai ruwan ɗorawa shi kuma kanwa jajaye take mayar da shi. Iyayensu mata suna ganin haka kullum a madafa, ba a dai taɓa gaya wa yaran cewa wannan shi ne abin da za a koya musu a sakandare da sunan kimiyyar sinadarai ba. Amma a gaya musu gaskiya, launin tsiro yana koɗewa. A shafa zoɓo da jar ƙasa a takarda ɗaya a manna a taga, bayan mako biyu su ga wanda ya saura. Daga nan maganar zanen shanu da ke jikin duwatsun Birnin Kudu za ta shige su, su gane dalilin da ya sa bai goge ba.

To me za a zana da wannan fenti? Nan wata magana take da ba a rubuta ta a manhaja ba amma tana cikin kowane aji a ƙasar Hausa, wato zanen abu mai rai. Wani uba ya taɓa zuwa har bakin ajina da littafin ɗansa a hannu, cikin ladabi, ya ce, "Malam, don Allah a daina sa shi zanen mutane." Ban yi musu da shi ba, kuma ba na ganin ya dace malamin firamare ya mayar da kansa mai fatawa. Malamai sun yi bayani mai faɗi a kai, a mazhabar Malikiyya an bambanta mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda, an kuma yi rangwame ga 'yar tsanar 'yan mata. Akwai kuma ruwayar da Bukhari ya kawo, inda Ibnu Abbas ya shawarci mai sana'ar zane ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Abin lura shi ne ko an ajiye mutum da dabba gefe guda, abin zanawa bai ragu da komai ba. Gwanintar Bahaushe ma can ta fi ƙarfi, a zayyanar allo, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da zanen hula, da lalle, da adon fuskar soro a Kano da Zariya da Birnin Damagaram.

Irin wannan zane kuma shi ya fi dacewa da yaron da ke cewa bai iya ba, domin ƙa'ida ce da shi, ba a neman kamanni. Ka ɗauki dagi. A fara da ɗige-ɗige a jere kamar gidan dara, a zagaya su da layi, doka ɗaya ce, zaren da ya hau kan wani a wannan mahaɗa dole ya nutse ƙarƙashi a ta gaba. Yaro zai ɓata sau uku ko huɗu, a na biyar sai ka ji ya yi ihu. Ko a fita fili da ƙusa biyu da igiya a ja da'ira a ƙasa, sannan ba tare da an sauya tsawon igiyar ba a riƙa taka gefen da'irar da ita. Sau shida cif za ta kai ka inda ka faro. Daga waɗannan tabo shida ake fitar da fure mai kunne shida da tauraro da sauran adon da suke gani a ƙofofi da faifai. In an kai aji shida, sai a koya musu faɗaɗa zane, a ja gidan dara ƙanana a kan zanen takarda, a ja manya a bango, a kwashe gida bayan gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma yara arba'in za su ƙawata katangar makaranta da jar ƙasa da farar ƙasa cikin mako uku. In makarantar a Zariya take, a kai su su ga bakan gizon, wato lanƙwasassun ginshiƙan rufin, tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu. In a Kano ne, Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa suna nan.

Kara kuwa yara maza sun fi mu sani. Sun san yadda ake ɓare sille, a yanka totuwa, a soke wannan cikin wancan ba gam ba ƙusa. Aikin malami kawai ya ɗora musu sharaɗi. Kafin a taɓa reza a zana motar a takarda ta gefe da ta gaba, a rubuta awo. Ko a ce kowane rukuni ya gina gada da za ta haye tsakanin benci biyu ta ɗauki littafi biyar, su gano da kansu cewa kusurwa uku ta fi kusurwa huɗu ƙarfi. A sa 'yan mata a ciki, a kuma sa maza saƙar kaba, kunyar kwana ɗaya ce. Saƙa ma ba ta buƙatar komai sai kwali da aka tsattsaga bakinsa aka ja zare a tsaye, a riƙa ratsa abawa ko tsummokaran tela sama da ƙasa. Reza dai a ƙirga ta kafin a raba, a ƙirga bayan an karɓa, kowa kuma da tasa.

Rini yana da farin jini, amma ina ja da baya da shi. Garin rini na kasuwa sai da soda mai cin fata da wani sinadari mai warin da ke shaƙe mutum, ba abin da za a buɗe a tsakiyar yara tamanin ba ne. Abin da na ga ya yi kyau shi ne yara su yi ɗaurin a aji, su ƙulle tsakuwa ko wake a farin ƙyalle da zare, sannan a kai marina. Waɗanda ke kusa da Ƙofar Mata, inda ake cewa karofin ya samo asali tun 1498, sai su je su ga yadda ƙyalle ke fitowa daga ruwan baba da ratsin kore, iska na bugun sa yana komawa shuɗi.

Saura tsari, wanda shi ne ke kashe yawancin niyya mai kyau. Minti talatin da biyar ba ya isa a raba kaya a kuma wanke hannu, sai an roƙi hedimasta ya haɗe darasi biyu a ƙarshen yini. Babban aji a kasa shi rukuni na takwas ko goma, kowanne da shugaba da mai kula da kaya, a fita gindin bishiya. Aiki biyu masu zurfi a zango sun fi goma na shafa-shafa. Sannan a bi kalandar manomi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Zangon farko yana ƙarewa da kaka, ga kara ga zoɓo ga totuwa a banza. Na biyu kududdufai sun ja baya, yumɓu ya fito, rana kuma ta wadata. Na uku damina ce, ba abin da ke bushewa, sai a koma saƙa da dagi da tawada a cikin aji, ko da yake 'yan aji shida a lokacin jarrabawar shiga sakandare ta cinye su, gara a gama babban aikinsu tun zango na biyu.

Maki kuma a daina ba da shi ranar ƙarshe. Duk aikin da ba a gaban malami aka yi shi ba, ba shi da maki, wannan kaɗai ya isa ya kori tsintsiyar kasuwa. A duba zanen shiri, a duba yadda yaro ya bi matakai, yadda ya gyara kuskure, yadda ya bar wurin aikinsa, a kuma sa shi ya yi bayani da bakinsa.

Shekarar da na fara yin haka, wata dattijuwa maginiya ce ta gasa mana. Na je gidanta da goro na durƙusa na ce, "Inna, alfarma na zo nema." Ta yi dariya ta ce ita da ba ta san ko bihim ba me za ta koya wa 'yan boko, amma ta zo, ta zauna a tabarma, yara suka kewaye ta. Ba ta yi dogon bayani ba, sai dai ta kama hannun yaro ta danna yatsansa inda ya kamata. Ranar da aka kwashe daga wuta, muna tona toka, da yawa sun fito lafiya, wasu sun dare, na wata yarinya kuwa ya tarwatse gaba ɗaya. Ta tsince gutsattsarin a gefen hijabinta ta kawo mini, ta nuna mini gindin ta ce, "Malam, ka ga nan ya yi kauri, cikinsa bai bushe ba. Inna ta ce in rage, ban rage ba." Takwas na ba ta. Inna kuma ta karɓi gutsattsarin ta zuba a ƙwaryarta, ta ce za ta daka su a cuɗa a yumɓun mako mai zuwa.